Harsashin da Ba Ya Tashi

Karasawa ya jera harsasai uku a kan kantar shagonsa na bindigogi, ya tura su gaban Shozo Ebina da ɗan yatsa kamar mai tallan alewa.

"Dogon nan shi ne naka na kullum. Na tsakiya lambarsa uku-sifili-takwas. Siririn kuma biyu-huɗu-uku. Zaɓi, Ebina-san, kafin shayin ya huce."

Shozo bai taɓa ko ɗaya ba. Ya tsura wa siririn ido yadda ake kallon surukin da ba a so. A ƙungiyar maharban ƙauyensu, can gefen garin Ashoro, bindigar da ke cin wannan harsashi sunanta bindigar mata, kuma in za a faɗi gaskiya shi ne ya raɗa mata sunan, shekarun baya, lokacin da kafaɗarsa take kafaɗa. Yanzu ga shi ya tuƙo 'yar akori-kurarsa tun da safe har birnin Obihiro, da shekara saba'in da ɗoriya a kansa, don ya tambayi kuɗinta.

Ya ce ai matsalar ba daga shi take ba sosai. Tsohuwar bindigarsa ce ta fara gardama, bututunta ya cinye, saitinta ya karkace. Karasawa, wanda shi ya sayar masa da ita tun suna da baƙin gashi, ya sa ya buɗe akwatin, ya leƙa bututun a gaban fitila, ya daɗe yana leƙe. Ya ɗago ya ce bututun nan ya fi haƙoran su biyun lafiya.

Abin da ya kawo Shozo ya faru ne ranar Lahadin da ta wuce. An fita farautar barewa kamar kullum, tunda in ba a rage su ba sai su cinye wake da ciyawar shanu har saiwa. 'Yan kora suka shiga kwarin da aka saba suna ihu, 'yan kwanto suka tsaya a bakinsa da bindigogi. Shozo ɗan kwanto ne tun kafin a haifi rabin 'yan ƙungiyar, kuma wurinsa sananne ne, ba mai taka shi. Wata macen barewa ta fito gabansa, ta tsaya cak, a fili, kusa sosai. Ya harba. Maimakon ta faɗi sai ta gantsare, ta juya, ta shige cikin gora tana jan ƙafa. Suka bi jininta a kan dusar ƙanƙara har ya ɓace musu. Washegari Mitsuru, shugaban ƙungiyar, ya same ta a bakin rafi da sauran numfashi, hankaki sun riga sun fara mata. Shi ya ƙarasa ta. Ba wanda ya ce wa Shozo uffan, kuma shirun nan ya fi zagi ciwo.

Matarsa Fukiko ce kaɗai ta yi magana, ita ma a fakaice. Ita ke yanka naman duk abin da ya kawo gida tun aurensu. Yau da safe tana zuba masa miyar miso, ba ta ko dube shi ba ta ce, "Da a wuya nake samun ramin harsashin, Baban yara. Sai ya koma kafaɗa. Bana kuma hanji nake ta wankewa." Ya ce mata ta san wuƙa, ba ta san bindiga ba. Ta ce haka ne, ta ƙara masa shinkafa.

Karasawa ya ɗauki siririn harsashin yana juya shi. Ya ce wannan ba ya dukan kafaɗa, kamar yaro ya dafa ka ne. Amma ba ya yafe kuskure. Tun da aka hana harsashin darma a wannan tsibiri nasu saboda gaggafa na mutuwa in sun ci mushe mai darma a jiki, na jan ƙarfe ake harbawa, kuma na jan ƙarfe siriri in bai samu wuya ko zuciya ba, rami kawai zai huda ya wuce, dabba ta tafi ta mutu a wahale. Dogon kuwa ko ya ɗan kauce yana iya kayar da ita, sai dai yana naushin mai shi kamar yana da tsohuwar gaba da shi. Ga kuma beyar, ƙatuwar dabbar dawa mai farata, wadda in ta fito maka daga gora ba za ta tsaya tambayar lambar harsashinka ba.

"Na tsakiyar fa?" in ji Shozo.

"Na tsakiyar na masu son su yaudari kansu ne. Kafaɗarka ba za ta ji bambanci ba."

Da a ce ana gwadawa, da sauƙi. Amma doka ba ta yarda mutum ya harba bindigar da ba sunansa ke kanta ba, ko da ta ɗan'uwansa ce. Sai ka zaɓa, ka jira izinin 'yan sanda, ka miƙa tsohuwar, sannan ka san abin da ka saya. Mutum yakan fi sanin matar da zai aura.

Karasawa ya ɗan kaɗa yatsa a kan kantar. Can ya shiga ciki, ya fito da wata 'yar jaka, ya gaya wa matarsa ta kula da shago, ya ce Shozo ya ɗauko akwatinsa su je filin gwajin harbi. Shozo ya ce ba shi da abin da zai gwada wa kowa. Karasawa ya ce ya sani, shi ne dai ya kwana biyu bai sha iska ba.

Filin yana bayan gari, kuma da yake ranar aiki ce ba kowa sai mai gadi da tukunyarsa ta shayi. Sanyi na yanka kunne. Karasawa ya zazzage jakar a kan tebur. Harsasai ne sak irin na Shozo, tsayi da nauyi da ƙyalli, sai dai babu albarushi a cikinsu. Ya sa Shozo ya cire hularsa, ya zuba su a cikinta tare da na gaske, ya cakuɗa, ya riƙa ɗaukar ɗaya-ɗaya yana ɗurawa ba tare da ya duba ba.

"Wasan yara," in ji Shozo.

"Ƙwarai. Yi mu gani."

Na farko na gaske ne. Bindigar ta yi ƙara, ta doki kafaɗarsa har cikin haƙori. Ramin ya fito can ƙasan takardar da ake auna, ta hagu. Ya ce iska ce. Karasawa ya dubi tutar filin da ke rataye ko motsi ba ta yi, ya ce wataƙila. Na biyu ma na gaske ne, ya faɗi kusa da ɗan'uwansa.

Shozo ya ɗura na uku. Ya kwantar da kumatu, ya ja numfashi, ya saki rabi, yadda shi da kansa ya koya wa mutane da dama. Ya ja kunama.

Ƙas.

Babu ƙara, babu hayaƙi, babu duka. Amma bakin bindigar ya yi ƙasa kamar an fizge shi, kafaɗarsa ta tura gaba, har wani ɗan nishi ya kuɓuce masa. Abin da ya fi muni, sai da ya buɗe ido sannan ya san a rufe suke. Ya zauna a haka, kumatunsa manne da katakon, kunya ta rufe shi tun daga wuya har tafin ƙafa. Ashe haka ya yi wa barewar nan. Ashe lokacin da harsashin ya fita, bai ma gan ta ba.

Karasawa ya juya yana kallon duwatsu, kamar an yi sababbi da daddare. Can sai ya ce, "Wannan karon ba ita ta doke ka ba."

"Na gani."

A mota suka ƙarasa zancen. Karasawa ya ce abin yana warkewa ga wasu. Mutum ya koma ƙaramar bindiga, ya yi hunturu guda yana zuwa filin nan, jiki yakan manta tsoron. Wasu kuma jikinsu ba ya mantawa, ko da sanda ka ba su sai sun runtse ido. Ba zai ce ga ɓangaren da Shozo yake ba, don shi mai sayar da bindiga ne, ba boka ba. Shozo ya ce a ajiye masa maganar siririyar, zai faɗi matsayarsa kafin a rufe shago.

A hanyar komawa bai ko tsaya cin taliyar soba a inda ya saba ba. Gonaki farare fes suna wucewa dama da hagu, shi kuwa yana ta ƙulla yadda zai yi. Siririyar zai saya, wannan ya gama. Abin da ya rage shi ne bakin mutane. Ba zai iya fitowa ranar Lahadi riƙe da abin da ya yi shekaru yana yi wa dariya ba, haka kawai, kowa ya san dalili.

Amma akwai hanya, kuma duk wanda ya tashi a yankinsu ya san ta. Dattijo yakan ce zai sauka, sai a taru a roƙe shi. Ya sake cewa, a sake roƙo. A na ukun sai ya ce to, tunda kun matsa. Marigayi Genzo kowane ƙarshen shekara sai ya yi murabus daga kwanto a wajen walima, kowace shekara kuma sai an riƙe masa hannun riga, kuma Shozo ne kan gaba wajen riƙon. A haka ya mutu da wurinsa. To shi ma zai je wa Mitsuru da wannan. In Mitsuru ya ce haba Kawu, in ba kai ba wa, sai ya yi jim, ya ce to bari ya gwada ƙaramar bindiga saboda su, don kada ya ba su kunya. Ka ga ta zama sadaukarwa ke nan, ba gazawa ba. Har ya ji ƙirjinsa ya ɗan saki.

Ya tarar da Mitsuru a garken shanunsa ana shirin tatsar yamma. Ɗan abokinsa ne, Shozo ne ya fara kai shi daji bayan rasuwar uban, shi ya nuna masa yadda ake karanta sawu a kan ƙanƙara. Yanzu ya haura hamsin, ya yi tumbi, amma har gobe Kawu yake ce masa. Suka gaisa, suka taɓa zancen sanyi da tsadar abincin shanu. Shozo ya gyara tsayuwa, ya sa muryar da ake sawa.

"Mitsuru, na yi tunani. Shekaru sun ja. Ina ganin lokaci ya yi da zan bar kwanto ga yara."

Ya jira.

Mitsuru ya ajiye bokitin da ke hannunsa. Ya cire safar hannu, ya cire hula. Sannan ya sunkuya, irin sunkuyon da ba a yi sai a wajen jana'iza ko neman gafara, ya daɗe bai ɗago ba. Injin tatsa na ta bugawa a bayansu.

"Na gode, Kawu," ya ce. "Kwana da kwanaki ina neman bakin da zan faɗa maka, na rasa."

Da ya ɗago idonsa ya yi ja. Maganar ta zubo masa kamar an cire toshi. Ya ce 'yan kora sun same shi tun ranar Litinin, sun ce ba za su ƙara shiga kwarin da Kawu ke tsaye a bakinsa ba. Ɗayansu ya ga fuskarsa lokacin harbin. Shi kuwa ya ce musu su yi haƙuri, mutumin da ya koya masa komai ba zai bari sai an faɗa masa ba, da kansa zai gane. Ga shi kuwa bai kunyata shi ba. Ya ce zai gaya wa kowa cewa Kawu da ƙafarsa ya zo.

Shozo ya buɗe baki. Zancen siririyar bindiga na nan a kan harshensa, a shirye, yadda ya jera shi tun daga Obihiro. Ya dubi wannan ƙaton mutum da ke share ido da bayan hannu saboda ya yarda da shi, ya ga babu inda zai sa maganar.

"Ai ba komai," ya ce.

Mitsuru ya ce amma kada ya zauna a gida. Cikin 'yan kora babu wanda ya san kwarin nan kamar shi, yaran sai su bi ta inda ƙafa ta fi sauƙi, barewa kuma ta zille ta bayansu. In zai riƙa shiga da su, da ya taimaka. Shozo ya gyaɗa kai. Aka cika masa gora da madara mai ɗumi ya kai wa Fukiko, aka raka shi har mota.

Bai tayar da injin ba. Yana zaune riƙe da sitiyari, akwatin bindigar a bayan kujera, har Mitsuru ya koma cikin garke. Wani baƙin ciki ya kama shi, kuma ya rasa wanda zai ɗora wa. A nan wayarsa ta yi ƙara. Karasawa ne, ya ce zai rufe shago.

"To, Ebina-san, wanne zan sa a kawo? Siririn?"

Can Karasawa ya tambaya ko yana jinsa.

"Ina ji," ya ce. "Kana sayar da usur?"

Karasawa ya ce akwai, kala biyu, na roba da na ƙarfe.

"Wanne ya fi ƙara?"

"Na ƙarfen."

"Ajiye min shi. Kora sai da ihu, muryata kuma ba ta kai ta da ba."

Ya kashe wayar, ya gyara wa gorar madarar zama don kada ta zube, ya tayar da mota.