Wuta Ɗari Bakwai

“Ba kuɗi nake so ba, Alhaji,” in ji Philemon. “In ta gyaru, ka ara mini ita zuwa la'asar.”

Alhaji Abdulrashid, mai sayen baƙin yashin da ake haƙowa wajen Ribah, ya dubi tsohon sojan. “Saje, aro kawai? Na yarda. Kada ka ce na cuce ka.”

Suka tafa. Alhaji ya ɗora na'urar a kan teburin gyaran rediyo. Gaiga ake ce mata. In aka kanga ta kusa da abu mai tururin guba sai ta yi ta ƙas-ƙas. To ita wannan ko burodi aka nuna mata ihu take yi, har masu sayen kayansa daga Jos sun fara yi masa dariya.

Philemon ya san muryarta. Bara, da sankarar jini ta ɗauke matarsa Leah, wannan na'urar aka shigar ɗakinta a Rikoto, inda ya bar masu haƙa suka jibge buhu huɗu na yashin. Na'urar ta yi ihu, mutane suka watse. Tun ranar gidan yake kulle, shi yana kwana a shago. 'Yarsa Hannah kan aiko da tuwo, amma ba ta zuwa. Ta ce shi ya karɓi buhunan.

Ya kwance bayan na'urar. Jikin 'yar kwalbar da ke ciki an rubuta wutar da take ci: ɗari biyar. Bai ɗora mitarsa kai tsaye ba. A soja, sashen sadarwa, an koya masa cewa mitar rediyo tana shanye irin wannan wutar, ta nuna ɗari uku alhali ɗari biyar ce, wanda bai sani ba sai ya ƙara. Ya jera rezistoci, 'yan ƙananan kayan rage ƙarfin wuta, ya haɗa da dalma, ya auna ta cikinsu, ya yi lissafi a bayan kwalin ashana. Ɗari bakwai da ɗoriya.

“Wa ya taɓa buɗe ta?”

“Wani mai gyaran agogo a Kontagora. Ya ce wutarta ta yi ƙasa, ya murɗa.”

“Yaushe?”

“Shekara biyu ke nan. Ko uku.”

Wato tun kafin a kai ta ɗakin Leah. Philemon ya sa bakin sukudireba a kan ɗan notin da ke daidaita wutar, yana juyawa kaɗan, yana duban allurar mita. Ɗari shida. Ihun ya tsinke. Ɗari biyar. Ƙas. Shiru. Ƙas.

“Ka kashe ta, Saje?”

“Yanzu ne take da hankali.”

Ya hau acaba zuwa Rikoto. Kwaɗon ƙofar ya yi tsatsa, sai da ya sa dutse. Zanin Leah na nan a kan igiya cikin ɗaki, gara ta ci ƙafar gadon. Ya kanga na'urar a kan matashi. Ƙas. Shiru. Ya cusa ta bakin buhu, ta ɗan ƙara sauri, kamar kaza mai tsince, ba ta wuce nan ba. Ya bi buhu huɗun duka. Ya zauna a bakin gado yana jiran ya ji wani abu a ransa, bai ji ba.

Hannah ta leƙo daga ƙofa, maƙwabta sun kai mata labari. Ya miƙa mata na'urar, ta saurara har ta gaji.

“Baba, to me ya kashe ta?”

“Ban sani ba.”

Ta ajiye na'urar, ta ɗauko tsintsiya a bayan ƙofa.

In ana batun riba, Alhaji ya samu gyara kyauta, Hannah ta samu gida da uba. Philemon ne ya faɗi. Shekara guda yana da amsar abin da ya kashe matarsa, ko da kuwa amsar ita ce shi kansa. Da la'asar ya mayar da na'urar, ba shi da ko wannan.