Yatsun da Siminti Ya Cinye

Tun ranar zaɓen da ya wuce sunansa na gaskiya ya ɓace a unguwar, kowa Shafaffe yake ce masa. Har mai kantin da ke gaban gidansu, wanda ba ya wasa da kowa, da sunan yake kiransa. Shi kuma yana amsawa, don ya ga in ya nuna haushi sai abin ya ƙara yi musu daɗi, amma duk amsawa ɗaya sai ta bar masa tabo a zuciya.

Ga mafarin abin. A lokacin yana aiki a gidan bulon wani attajiri da ake kira Mai Bulo, shi da yayansa da wasu majiya ƙarfi. Wanda bai taɓa aikin siminti ba bai san muguntarsa ba. Ba ya ƙona hannu lokaci guda, a hankali yake lashe fata, har wata rana mutum ya duba babban yatsansa ya gan shi sumul kamar bayan cokali. Shafaffe ne ya yi ƙarfin halin roƙon a saya musu safar hannu. Mai Bulo ya ce in hannu mai laushi yake so, ya je ya nemi aikin ofis. Shi kuwa, da yake bakinsa ba shi da linzami, ya ce to ƙuri'arsa ma mai laushi ce, ba za ta iya ɗaukar Mai Bulo ba. A shekarar kuwa Mai Bulo na neman kujerar majalisar gari.

Ranar zaɓen, a harabar makarantar unguwa, na'urar tantance masu zaɓe ta dinga ƙin yatsun leburorin ɗaya bayan ɗaya. Mai Bulo ya kafa kujera a inuwa, malamin zaɓe na satar kallonsa, in ya gyaɗa kai sai a miƙa wa mutum takardar ƙuri'a ba tare da wata magana ba. Da layi ya zo kan Shafaffe, sai ga doka ta farka daga barci.

"Ba yatsa, ba ƙuri'a!" in ji Mai Bulo, da ƙarfi yadda na bakin ƙofa ma za su ji. "Wannan ai shafaffe ne. Na'ura ta ce babu shi, mu su wa da za mu ce akwai shi?"

Aka fashe da dariya. Abokan aikinsa suka yi, da hulunan Mai Bulo a kawunansu. Yayansa bai yi dariya ba, amma bai ce uffan ba, ya dai sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Wannan shirun ya fi dariyar ƙona masa rai. Washegari aka ce kada ya sake taka gidan bulon, kuma ko mutum ɗaya bai rako shi bakin ƙofa ba.

Ya sami aikin gadi a wani shagon magani. Hannunsa ya huta, fata ta dawo, zanen yatsa ya sake fitowa tsaf. Zuciyar ce ta ƙi warkewa. Yana zaune a kan bencinsa yana kallon tipar Mai Bulo tana wucewa da yashi, sai ya yi ƙwafa ya ce a ransa akwai rana. Gidan yayansa kuwa ya daina zuwa, in sun haɗu a hanya gaisuwar baƙi suke yi.

Da zaɓe ya sake zagayowa, Mai Bulo na neman komawa kujerar da ya ci, sai Shafaffe ya kai kansa ofishin abokin hamayyar Mai Bulo, wani tsohon ma'aikacin asibiti. Ba don yana son mutumin ba, ko turmi aka tsayar a gaban Mai Bulo da shi zai bi. Ya ce a sa shi wakili a rumfar makarantar unguwarsu, aka sa shi.

A wurin horar da wakilai ne ya tsinci abin da yake nema. Mai koyarwar ya ce bayan zaɓen baya masu sa ido daga ƙasashen waje sun rubuta rahoto, sun ce a ƙa'idar da duniya ta yarda da ita, ba a hana baligi ɗan ƙasa ƙuri'arsa don na'ura ta kasa karanta yatsansa. Saboda haka an gyara doka: in na'ura ta ƙi mutum, sai malamin zaɓe ya dubi fuskarsa ya dubi hoton katinsa, in shi ne a ba shi takarda. "Sai fa in wani wakili ya ce bai yarda ba," ya ƙara da cewa yana tattara takardunsa. "Nan sai a ajiye mutum gefe, har babban jami'i ya zo ya raba gardama."

Kowa a ɗakin kan maganar ya riƙe. Shafaffe wutsiyarta ya kama, ya tafi da ita gida yana murmushi shi kaɗai a hanya.

Matarsa na ninke wanki ya faɗa mata abin da ya shirya wa leburorin. Ta saurara har ya gama, sannan ta ajiye rigar da ke hannunta.

"Maigida, har da Yaya?"

"Yaya ya san hanyar da ya bi."

"Mutanen nan fa ba su suka kore ka ba. Abinci suke nema, kamar kowa."

"Da suna dariya abinci suke nema? Ƙuri'unsu ne suka ɗora shi a kujerar nan. Bana sai ya nemo wasu yatsun."

"To, Allah ya kyauta," ta ce, ta ci gaba da ninkinta. Ta san shi, in ya ƙulla abu ko da wuƙa ba a kwance shi.

Ranar zaɓe shi ya fara isa. Ya ɗora yatsa, na'ura ta karɓa nan take, ya shiga bayan labule ya dangwala wa tsohon ma'aikacin asibitin da ƙarfin da ya kusa huda takardar. Sannan ya rataya katin wakili a wuya ya zauna kusa da teburin malamar zaɓe, wata matashiya mai tabarau da ba ta san komai game da tsohuwar gabar ba. A gefe ɗaya ga wata baƙuwa 'yar sa ido sanye da falmaran mai rubutu a baya, da tafintanta.

Rana ta ɗaga sosai kafin motar gidan bulo ta iso. Suka diro daga bayanta, kowa da sabuwar hula mai hoton Mai Bulo, suka ja layi shiru. Shafaffe ya daɗe bai ji daɗi irin wannan ba.

Na farko ya ɗora yatsa, na'ura ta ƙi. Ya goge a wando, ya hura masa iska, ya sake, ta sake ƙi. Malama ta ɗaga katinsa ta dube shi.

"Shi ne," ta ce, ta kai hannu ga takardun ƙuri'a.

"Ban yarda ba," in ji Shafaffe.

"Malam, ka duba hoton mana."

"Na duba. Na hoton yana da kumatu, wannan ba shi da su. A ajiye shi gefe."

Gaskiya ne kuwa, aikin bulo ba yatsa kaɗai yake ci ba. Malama ta buɗe littafin ƙa'ida, ta ga hakan doka ta ce. Aka ajiye shi gefe. Na biyu ma haka, na uku ma haka. Wanda ya fi kowa dariya a wancan karon, wani dogo mai wushirya, Shafaffe ya sa shi ya juya dama ya juya hagu, ya ɗaga haɓa, kamar mai tayin rago, sannan ya girgiza kai. Mutanen layi suka fara gunaguni, shi ko a jikinsa.

Baƙuwar ta taso ta yi magana, tafinta ya juya masa: ta ce wannan damar an bai wa wakili ne don a kama mai zaɓe da katin wani, ba don a toshe wa jama'a hanya ba, kuma ƙuri'a haƙƙin kowa ce, ko wa zai zaɓa.

"Tambaye ta ina suke ranar da aka yi mini."

Tafinta ya tambaya, ya dawo da amsa. "Ta ce suna nan, sun rubuta, shi ya sa aka gyara dokar."

"To ta sake rubutawa. Ai ga biro nan a hannunta."

Sai ga yayansa a gaban tebur. Ya tsufa fiye da shekarunsa, furfura ta fito masa har a gira. Bai ma wahalar da na'urar ba, sau ɗaya ya ɗora yatsa ya janye. Ya dubi ƙanensa ya yi ƙasa da murya.

"Ƙanena, ka bari mu wuce. Ka bari, zan yi maka bayani daga baya."

"Malama," in ji Shafaffe, ko kallonsa bai yi ba, "ban san wannan ba."

Malama ta cire tabarau ta dube su su biyu. "Haba malam! Ku da kamar an tsaga kara?"

"Mutane na kama. A ajiye shi gefe."

Yayan ya karɓi katinsa ya je ya tsuguna a jikin bangon aji tare da sauran.

Can sai ga Mai Bulo da kansa, an kai masa labari. Shafaffe ya gyara zama, wannan lokacin ya yi shekaru yana jira. Ya so mutumin ya yi ihu, ya buga tebur, ya roƙe shi ma in da hali. Amma Mai Bulo ya tsaya ya ƙare wa mutanensa kallo a jikin bango, ya dubi Shafaffe, ya ce wa malama a dai bi doka, ya shiga mota ya tafi. Shafaffe ya ɗauka kunya ce ta kore shi, ya bi motar da dariya har ta fita.

Babban jami'in da zai raba gardama yana can wani gefen gari inda aka yi rigima. Malama ta buga waya har ta gaji, kullum ana cewa yana hanya. Leburorin suka yini a zaune, ba ci ba sha, inuwa na gudu suna binta. Da lokacin rufewa ya yi bai zo ba, malama ta rufe akwati ta ɗaure.

Suka miƙe suna kakkaɓe wanduna. Shafaffe ya tako har inda suke, don bai ƙoshi ba tukuna.

"Yaya, yau ka ji yadda take? Da daɗi?"

Yayan ya cire hular Mai Bulo ya riƙe a hannu. "Ka gama?"

"Na gama."

"To saurara. Tun kafin a fara kamfe muka haɗa baki, dukanmu, cewa bana ba mai dangwala masa. Hular nan da motar nan su ne kaɗai hanyar da zai bar mu mu fito yau, in ba haka ba da ya ce aiki za a yi. Yana iya kawo mu har ƙofa, amma bayan labule ba ya ganin hannun kowa. Ni na bi su ɗaya-ɗaya na shawo kansu, saboda abin da aka yi maka. Wancan karon na yi shiru, ya tsaya mini a wuya har yau. Na ce bana zan biya ka."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"A gaban wakilin Mai Bulo? Ko a gidanka, da ka ce wa matarka in na zo ta ce ba ka nan?"

Shafaffe ya ruga wurin malama yana cewa ya janye, ya yarda, su ne, duk ya san su, wancan ma uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ta nuna masa akwatin a ɗaure. Baƙuwar na tsaye tana rubutu, ba ta ko ɗago ba. Da ya waiwaya, motar gidan bulo ta riga ta kai bakin titi.

Da safe rediyo ya faɗi sakamako. Mai Bulo ya koma kujerarsa, da tazarar da ba ta kai cikin bayan mota ɗaya ba. Matar Shafaffe ta kashe rediyon, shi kuma ya kasa zama a ɗakin, ya fita wurin aiki tun lokaci bai yi ba.

Yana kan bencinsa ayarin murna ya biyo ta titin, ana ta busa ham. Wata babbar mota ta tsaya daidai shagon maganin, gilashi ya sauka. Mai Bulo ya leƙo, fuskarsa fal fara'a.

"Shafaffe! Na zo godiya. Na daɗe da jin ƙishin-ƙishin abin da suke shirya mini, na rasa yadda zan yi da su, ga baƙi sun zuba ido ko'ina. Da ni na hana su, da yanzu sunana na cikin rahoto. Allah ya yi maka albarka."

Shafaffe ya miƙe daga kan bencinsa.

"Su kuma kada ka damu," in ji Mai Bulo yana ɗaga gilashi. "Na rama maka. Tun da asuba na sallame su duka, da yayanka na fara."