Babu Caji a Kwalba

Duk wanda ya san yayana Yusha'u ya san bai taɓa cika tanki ba tun yana acaɓa. Da ɗan abin da ke ciki yake tashi, in ya ƙare ya tsaya gaban 'yan bumburutu a ɗura masa kwalba. Haka duk direbobin Kontagora suke. Da ya sayi keke mai caji, wanda babu ruwansa da fetur, keken ya canza amma halin yana nan.

Ranar da Baba ya rasu a ƙauyenmu, Sahon Rami, Inna tana wurinmu a gari, ta zo ganin likita saboda ƙugunta. Baffa Tanimu, ƙanin Baba, shi ya bugo da hantsi, ya ce za a kai shi bayan azahar. Inna ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Ku kai ni in gan shi kafin a fitar da shi." Ashe da faɗa suka rabu, a kan ya ƙi shan magani, har ta fito ba ta yi masa sallama ba. Abin da take so kawai ta durƙusa a kansa su yafi juna, kamar yadda ake kiran matar mamaci ta yi.

Na ce mu tafi tasha. Yaya ya ce mota sai ta cika take tashi, Inna kuma ba ta iya hawa babur, kekensa ya fi. Muka biya rumfar Naomi, wata 'yar Dukku mai faifan sola a rufi. A wurinta kaɗai ake cajin keke a duk garin. Ta daɗe tana neman wanda zai sa hannu su buɗe wata rumfar a hanyarmu, masu hali suna ce mata kekunan ba su da yawa, direbobi kuma suna cewa ba za su saya ba sai rumfuna sun yi yawa.

Ko zama ba mu gama yi ba Yaya ya zare wayar cajin daga keken.

Naomi ta riƙe hannun keken. "Yusha'u, bai kai rabi ba fa. Ka yi haƙuri ya ƙara sha, Mama ta huta a inuwa."

"Ma ƙara a hanya," in ji shi.

"A wurin wa?"

Wallahi bai ji ta ba. Idonsa ya kaɗa, bakinsa ne kawai ya faɗi abin da ya saba faɗi. Ni ma da nake da baki kamar reza, ban hana shi ba.

Mun wuce rabin hanya keken ya fara ja da ƙyar, ya yi wani ɗan kuka, ya tsaya. Abin takaici, daidai gaban teburin wani dattijo mai sayar da fetur. Kwalabe jere, rana tana dukansu. Yaya ya sauka da sauri, har ya sa hannu a aljihu, dattijon ya taso da mazurari yana zagaya keken yana neman bakin tanki. Sai a lokacin Yaya ya tsaya cak. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta mutu haka ba.

Na zazzage masa duk abin da ke bakina. Na ce masa sakarai, na ce Naomi ta faɗa maka, kunnen ƙashi gare ka. Ya kama jijjiga keken yana karkata shi gefe, yadda yake yi wa babur in mai ya ƙare. Inna ce ta ce, "Shamsiyya, ya isa. Ubansa ne shi ma."

Motocin da ke wucewa duk a cike suke maƙil. Baffa ya sake bugowa, ya ce jama'a sun taru, zafi ya yi yawa, ba a ajiye mamaci. Inna ta karɓi wayar ta ce, "Tanimu, ku ɗan jira ni." Na ji shi yana ba ta haƙuri, yana cewa liman ya riga ya iso.

Wata motar masara ce ta tausaya mana daga baya. Muka ɗaga Inna muka sa ta a gaba, muka bar keken wurin dattijon.

Da muka isa, maza suna dawowa daga maƙabarta, ƙafafunsu duk jar ƙasa. Inna ba ta kalli kowa ba. Ta dafa kafaɗata muka wuce bayan ɗaki, inda aka yi wa Baba wanka. Ƙasar wurin ba ta bushe ba tukuna. Ita da ba ta iya durƙuso, ta durƙusa, ta ɗora tafin hannunta a kan danshin.

"Malam, na zo," ta ce. "Ni dai na yafe maka."

Ta bar hannunta a ƙasa, kamar mai jiran amsa. Yaya yana tsaye a bakin zana, ya kasa shigowa.