Wuƙar Abu Nayif

Wuƙar auren zaitun ce ta raba mu da Ragib. 'Yar ƙarama ce, irin wadda ake haɗa reshen wata bishiya a jikin wata da ita, ba ta kai tsawon yatsana ba.

Ni direban motar asibitin ƙauyenmu ne, kusa da Ramallah. Ragib shi ne ma'aikacin jinya da ke zama a baya da marasa lafiya. Motarmu ba ta tsallake shingen sojoji. Mu kai mutum bakin shingen, a caje shi, a sauya masa gado, wata mota ta karɓe shi ta wuce Ƙudus. Don haka kafin in tayar da mota sai Ragib ya lalube aljihun kowa, ko ƙusa ba ya bari.

Abu Nayif kuwa, tsohon da muke kaiwa wankin ƙoda, ya ishe ni da zancen wata bishiya. Wai a farfajiyar asibitin Ƙudus akwai zaitun irin na gonar ubansa da katangar sojoji ta cinye, ganye siriri, 'ya'ya masu tsini. Na tambaye shi yadda ya gane ta ta taga. Ya ce yadda nake gane ƙarar injina. Na yi ta mamakin abin, har ni ma na so in gan ta.

Ran nan Ragib ya lalube shi, ya ce, "Baba, yau ba ka ɓoye mana amarya a aljihu ba?"

"Wa zai ba ka, kai da gashin bakinka bai gama fitowa ba?"

Bai taɓa rawanin tsohon ba. Wa ke taɓa rawanin dattijo?

A shingen, soja ya ce a cire rawanin. Wuƙar ta faɗo kan kwalta. Nan take aka ɗaga bindigogi, aka ce in kashe mota, tsoho ya koma gida. Ƙafafunsa sun kumbura kamar tulu, satin nan an riga an mayar da mu sau ɗaya. Ya fara bayani, wai reshe ɗaya kawai zai yanko.

Ragib ya ɗaga hannuwa sama, ya yi magana a hankali.

"Tawa ce. Bandeji nake yankawa da ita. Ni na soke ta a rawaninsa na manta."

Ƙarya mara kai, amma sun karɓa, don mai jini a jika ya fi tsoho daɗin kamawa. Aka tura gadon Abu Nayif cikin ɗaya motar yana kiran sunan Ragib.

Da yamma tsohon ya dawo da reshen a cikin hannun riga. Da haƙori ya tsinko shi. Ya aura shi a jikin zaitun ɗin ƙofar gidan su Ragib, ya kuwa kama. Nakan tsaya in duba, ganyen siriri ne kamar yadda ya faɗa.

An sako Ragib bayan an gama tsinkar zaitun. Sun hana shi kusantar kowane shinge, yatsu biyu na hannun damansa kuma ba sa lanƙwasuwa. Allura ta gagare shi. Yanzu kofi yake sayarwa a tashar mota.