Kujerar Baƙi a Gidanmu

Shekara biyu da wata uku na yi a makarantar kwana ta 'yan mata a birnin Kragujevac, ba wanda ya zo ziyarata. Ran Lahadi, in iyaye suka cika falon ƙasa da kwandunan abinci, ni ina sama ina goge takalmi. Ban taɓa yarda wata ta ga hawayena ba.

Laifina ɗaya ne. Ana tsakiyar tsinkar inabi na bar gona, na bi Gwaggo Stamena birni, na rubuta jarrabawa, na ci. Baba ba shi da ɗa namiji, ni ce hannun damansa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Daga yau ba ni da 'ya mai suna Kosara." Na ɗauki akwatina na wuce. Duk ƙauye an san taurin kanmu iri ɗaya ne.

'Yan birni suka sa mini suna 'Yar Inabi, don farcena da ya rine. Wadda ta fi kowa tsokana ita ce Persida, 'yar mai kantin magani, kuma gadonta na jikin nawa. Sai da muka ja gashin juna a wurin wanki kafin muka zama aminai. Ta koya mini rawa, na koya mata lissafi da ɗinkin safa.

Da Disamba ya kama, shugabar makaranta ta fara rubuta sunayen masu tafiya gida slava, wato bikin waliyyin gidan kowa. Namu Waliyyi Nikola ne, kamar na rabin makarantar.

"Ke 'Yar Inabi," in ji Persida, "bana ma nan za ki zauna kina taya kuku ɓare albasa?"

"Albasa ba ta taɓa cewa ba ta san ni ba."

"Kai, Allah ya shirye ki! Kin fi kowa ƙwaƙwalwa, kin fi kowa wauta. Wa aka taɓa kora ranar slava? Ko ɓarawon akuya ne ya ƙwanƙwasa, sai an ba shi kujera."

"Ba a kira ni ba."

"Tun yaushe ake kiran mutum slava? Ki dai ce tsoro kike ji."

Kalmar nan ce ta kai ni gaban shugaba. Na ce ta rubuta sunana.

Ranar bikin na sami amalanken mai gishiri ya rage mini hanya, sauran na taka cikin dusar ƙanƙara, da rigar makaranta a jikina. Rana tsaka na iso. Tun daga shinge na jiyo ƙamshin wake da soyayyen kifi. Baba na tsaye a ƙofa, domin maigida ba ya zama muddin kyandir ɗin waliyyi na ci. Ya ƙara furfura.

Na ce, "Barka da slava, maigida."

Ya dube ni tun daga hula har takalmi. "Maraba da Malama. Ku shigo."

"Ku" ya ce mini, ba "ke" ba! Mama ta miƙo mini dafaffiyar alkama mai sukari, wadda ake fara ba kowane baƙo. Baba da kansa ya ja mini kujera a mazaunin manyan baƙi, kusa da ta limamin coci, ya zuba mini wake, ya zaɓo mini tsakiyar kifi. "Ku ƙara, Malama. Abincin ƙauye ne, sai haƙuri."

Da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Ya karɓe ni, amma karɓar da zai yi wa kowane matafiyi. Na miƙe bayana na ci.

Baƙi suka yi ta shigowa. Mama na kai da kawo tsakanin murhu da tebur, ƙafarta a kumbure, ba mai taimakonta sai ƙanwata da ko tukunya ba ta iya ɗagawa. Hannuna ya yi ta ƙaiƙayi. Amma baƙo ba ya tashi ya yi hidima, zagin gida ne. Tunda baƙuwa Baba ya mai da ni, to, baƙuwar zan zama. Na harɗe hannu na ce a ƙaro mini ruwa.

Baba ne ya kawo. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi.

Can sai ga mutum bakwai sun shigo lokaci ɗaya. Mama ta taho da babban tire, ta yi tuntuɓe, saura kaɗan kifin ya watse a ƙasa.

"Ke Kosara!" Muryar Baba ta cika ɗakin. "Uwarki na fama ke kin harɗe kamar matar gwamna? Tashi ki karɓi tiren nan!"

Gwaggo Stamena ta ajiye cokali. "Haba Radisav, baƙuwa kake wa tsawa ranar slava?"

"Ke Stamena, ci kifinki. Ni da 'yata nake."

Na tashi a hankali, don kada a ce ɗoki nake. Na naɗe hannun riga na karɓi tiren. Har yamma ban sake zama ba, shi ma haka. Sau biyu ya ce na manta yadda ake yanka burodi.

Washegari da sassafe na tarar ya ɗaura wa doki keke. Bai ce zai kai ni ba, ni ma ban tambaya ba, na hau. Mun wuce gada kafin ya yi magana, idonsa a kan hanya.

"Wai da gaske ne suna koya muku auna ƙasa?"

"Ni ce ta ɗaya a ajin."

"Hm. Gonar gangare, ina zargin maƙwabci ya ci mana taku biyu."

"In ƙanƙara ta narke zan zo da igiyar awo."

"Ki zo da wuri," in ji shi. "Mutumin nan ba ya jira."