Alkukan Mama

Da uwarsu ta ga tafiya ta zo, sai ta raba wa Hester da yayanta Barnaby alkukan kyandir biyu na azurfa, iri ɗaya sak, ƙirar London tun zamanin kakan kakansu. Sharaɗi ɗaya ta kafa: duk Kirsimeti a haɗa su a tebur guda. Ta san halin 'ya'yanta sarai, in ba don alkukan ba ko gaisawa ba za su yi ba.

Haka aka yi shekara da shekaru a garinsu Ludlow. Sai bara Barnaby, mai shagon tsofaffin kayan azurfa, ya ce nata yana girgiɗi, ta kawo shi, maƙerinsa ya daidaita. Baiwar Allah ta naɗe a tawul ta miƙa, har da godiya! Ya dawo mata da shi yana ta walƙiya.

Hester kuwa akwai nacin goge kaya. Ana gobe Kirsimetin bana tana goge alkukinta, sai ta ga ja-ja a gefen gindin. Ta ƙara murzawa, jan ya ƙara fitowa. Azurfar gaske kuwa ba ta ja, sai jan ƙarfen da aka yi wa ruwan azurfa. Ta kifa shi. Ba ta yi haka ba ran da ya dawo, domin a wajensu ka kifa kayan mutum kana neman hatimi, ka ce masa maƙaryaci ke nan. Ta hura, ta goge. Babu ɗan hatimin zakin da ake buga wa azurfar gaske.

Washegari a gidan Barnaby, an jera alkukan, an kunna, yana wasa wuƙa zai yanka talotalo. Hester ta miƙa hannu ta kifa nasa a gaban idonsa, narkakken kyandir na ɗiga a ƙyallen tebur. Shi ma babu zaki.

"Yaya, ina kayan Mama?"

"Haba Hester, mu ci abinci tukuna mana."

"Na ce ina suke?"

Ya ajiye wuƙar. "Wani mai tara tsofaffin kaya ne ya matsa min lamba, na sayar masa. Kin san ba a sayen ɗaya, sai biyu. Guda ɗaya ai tarkace ne."

"Shi ya sa nawa ya kama girgiɗi?"

"To, shekara guda kina kunnawa ba ki gane ba. Me kika rasa?"

Wannan magana ta fi satar yi mata ciwo. Wallahi ta so ta kwaɗa masa abin a ka. Ta tuna godiyar da ta yi masa. Ta tashi ta ninke tawul ɗin da ta naɗo alkukin a ciki, ta nufi ƙofa.

"Ɗauki naki mana," in ji shi. "Baɗi fa?"

"Baɗi me za mu haɗa?"

Ta fita da tawul ɗin babu komai a ciki.