Hannun Bakanike a Kunnen Auta

Shekara talatin Bakanike yana kwance ƙarƙashin motocin mutane, kuma abu ɗaya ya haddace kamar sunansa: duk ƙarfen da aka bari ba a juya shi, sai ya cije. Da wannan ilimin ya ci abinci, da shi kuma ya kusa ɓata wa 'yarsa kunne.

Auta tana da shekara huɗu uwarta ta rasu. Mazan gidan babu wanda ya tuna da zancen ɗan kunne, har hujin da aka yi mata tana jaririya ya toshe. Sai da ta kai sha uku, tana kakkaɓe akwati, ta tsinci 'yan kunnen uwar a ƙulle cikin hankici. Ba ta yi kuka ba. Ta zo ta ajiye su a kan cinyarsa ta ce, "Baba, ina so in sa."

Washegari ya rufe gareji da wuri ya kai ta ƙaramin asibitin da ke bayan layinsu. Nas ɗin wata gajeruwa ce mai tabarau, bakinta ya fi allurarta kaifi. Ta huda kunnuwan biyu, ta sa ƙananan barima, ta ce na uwar sai bayan sati shida. Sannan ta jero sharuɗɗa: a tafasa ruwa, a sa ɗan gishiri, in ya huce a wanke safe da yamma, a canza rigar matashin kai, kar a cire, kar a taɓa.

Bakanike ya gyaɗa kai ga duka. Amma na ƙarshen nan bai shiga kansa ba. Ƙarfe a cikin rami, sati shida, ba juyi? A ransa ya ce wannan matar allura ta sani, ba ta san ƙarfe ba.

Don haka kullum da yamma in ya dawo, kafin ma ya cire rigar aiki, sai ya kira Auta. Ya kama barimar da yatsu biyu, ya murza dama, ya murza hagu, kamar mai gwada noti.

"Baba, da zafi."

"Zafin minti ɗaya ne. So kike ya manne da naman, a zo ana neman sifana?"

Rana ta biyar kunnen hagu ya kumbura ya yi jawur, yana sheƙi, wani ruwa mai kauri yana tsattsafowa ta bayansa. Auta ta daina kwanciya ta wannan ɓangaren. Da safe ya same ta gaban madubi, ta kara ɗan kunnen uwarta a kunnen dama, ta rufe na hagun da tafin hannu. Ko shayi bai sha ba ya ce ta ɗauko mayafinta.

Nas ta duba kunnen, ta gwada zafin jikin yarinyar, sannan ta sauke tabarau ta dube shi.

"Wa ke taɓawa?"

"Ba taɓawa ba ce, Malama. Juyi ne kawai, don kar ya cije."

"Miƙo hannunka."

Ya miƙa. Ta juya shi a gaban taga. Kowane farce da baƙin layinsa na giris, tsagun fatar duk sun sha baƙin mai.

"Da wannan? Baban Auta, kunnen yarinya ne ko tayar babbar mota?"

Auta ta ƙyalƙyale da dariya, zafi ya katse ta.

"In ka shafa gam a inji," in ji Nas, "kana bin sa da yatsa kana dubawa ko ya kama?"

"Haba. Ai sai a bar shi ya bushe. Kana taɓawa ka ɓata aikin."

"To haka naman yake. Kullum yana ƙoƙarin haɗewa, kullum kana zuwa ka ɓalle shi, ka kuma zuba masa dattin gareji."

Bakanike ya janye hannunsa. Shi da yake yi wa masu mota faɗa kan taɓa abin da ba su sani ba, yau ga shi a kujerarsu.

Ta wanke kunnen, ta ba da magani, ta ce kar a cire barimar da kansu, don in bakin ya rufe, mugunyar a ciki za ta taru. Kwana uku ta ba su. In kumburin bai sauka ba, ko zazzaɓi ya zo, likita zai cire, a bar hujin ya toshe, kuma ba ta yi alkawarin za a sake huda wurin ba. Auta ta sunkuyar da kai. Shi ya san abin da take tunani: hankicin nan da ke cikin akwati.

A hanya ya sayi buroshi da sabulu da abin yanke farce. Ya zauna bakin famfo yana dirzar hannunsa har ya ga wata kalar fata da ya manta yana da ita. Duk da haka Auta ta ce, "Baba, kai dai tafasa ruwan. Ni zan wanke."

Haka aka raba aikin. Shi ne mai tafasa ruwa da auna gishiri, shi ne mai wanke rigar matashi ya shanya. Lokacin wankin kunne kuwa sai ya tsaya a bakin ƙofa, hannuwansa biyu cikin aljihu, yatsun suna motsi su kaɗai.

"Ina ganinka fa a madubi," in ji Auta.

"Ni me na yi? Tsayuwa ma laifi ce?"

Rana ta biyu babu wani canji, ya wuni a gareji yana ɗaure noti ɗaya sau biyu. Rana ta uku jan ya koma ruwan hoda, ruwan ya tsaya, har fatar ta ɗan yamutse inda kumburin ya sauka. Nas ta duba ta ce barimar za ta zauna, amma lissafin sati shida ya koma farko, daga yau.

"Saboda wani injiniya," ta ƙara, ba ta ko kalle shi ba.

Da suka dawo gida Auta ta ciro kalandar kamfanin taya da ke rataye a ɗakinsa, ta ƙirga kwana arba'in da biyu, ta zagaye ranar da biro. Ta ɗauko hankicin ta miƙa masa ya ajiye mata. Ya kai hannu, sai ya tsaya, ya juya ya nufi famfo tukuna.